Ƙwararriyar Magen Ashafa

Shekara arba'in da ɗoriya ina yin dambun nama a unguwar Sheshe, kuma ban taɓa kai gara gidan surukai aka ɗaga murfi aka yi shiru ba. Da wannan nake taƙama. To bana saura ƙiris jikana Ashafa ya zubar min da wannan suna a ƙasa, a kan mage.

Ƙanwarsa Bahijja ce ta zo gida wankan haihuwar fari. Ranar Asabar take cika arba'in, a mayar da ita ɗakinta a Ƙofar Ɗan Agundi tare da gara. Na cika fanteka biyu iri ɗaya, ɗaya nakiya, ɗaya dambu, na rufe, na ɗaure kowacce da zani iri ɗaya, na ajiye a sito. Ranar Talata da safe na shiga na tarar ɓeraye sun huda buhun shinkafa, har sun fara gwada haƙori a ƙullin zanin.

Ina tsaye ina faɗa sai ga maƙwabciyata Nana Hauwa ta leƙo ta katanga. Ta ce magenta ta haihu wata biyu da suka wuce, in aika a ɗauko min guda. Na ce madalla.

Ashafa yana tsakar gida yana wanke ragonsa. Shi wannan Ashafa shekararsa talatin da biyu, kuma shi ya naɗa wa kansa Injiniya tun ranar da ya gyara min fanka ta koma hura iska bango. Ragon kuwa Minista yake ce masa. Da sabulun wanka yake wanke shi, ya taje masa gashi, duk la'asar ya zaga unguwa da shi don a gani.

Ya ɗago ya ce, "Gwaggo, jaririya za ki ɗauko? Kwana huɗu ya rage. Aikin gaggawa ba a ba ɗan koyo. Ƙwararriya ake nema, wadda ta san aiki, ta shigo yau ta fara yau."

Na ce, "Miji, ko kukan 'yar mitsitsiya ɓera ya ji tattara nasa yake. Kuma ta tashi a gidan, ta san gidan, ta san abin da ba a taɓawa."

"Ta sha madara wata shida muna jiran ta girma? Ɓerayen sito ai goya ta za su yi."

"To ka faɗa min, wa ka taɓa gani ya ba da babbar mage mai kama masa ɓera? 'Yan ƙanana ake bayarwa. Babba in ka ga an rabu da ita, akwai dalili. Ka manta Haraji?"

"Wane haraji? Ni ba ni da shago."

Sai na tuna ba ya gari bara, yana Abuja neman kwangila, inda ya yi wata takwas ya dawo da hula ɗaya. Na ba shi labari. Haraji wani baƙin muzuru ne mai farin gemu, kunnensa na hagu a yage. An sa masa sunan ne don babu gidan da ba ya biya. Da hannu yake ture murfin tukunya. Sai da Audu mai nama ya kifa masa kwando, ya cusa shi a buhu, ya ɗora a babur ya yi nisa da shi, sannan Sheshe ta samu lafiya. Ranar har guɗa aka yi.

Duk bayanin nan da nake yi Ashafa waya yake latsawa. Da na gama ya ce, "Wancan ɓarawo ne. Ni ma'aikaciya zan kawo. Ki ba ni zuwa gobe, amarya, ki ga aikin ilimi."

Laraba da hantsi sai ga shi a adaidaita sahu, rungume da buhu. Buhun yana motsi, yana wani irin gurnani kamar injin markaɗe. Ya ce daga Goron Dutse yake, wajen wani Malam Garba mai kiwon tantabaru.

Na ce, "Me ka ba shi?"

"Haba Gwaggo, ai ba a sayar da mage. Kyauta ya ba ni, har da buhun. Mutumin kirki. Har bakin titi ya rako ni, ya rungume ni, idonsa cike da hawaye."

"Hawayen me?"

"Na rabuwa mana."

"Mace ce ko namiji?"

"Ƙwararriya ce."

"Buɗe in gani."

Ya ja buhun baya. "Ba a buɗewa. Babbar mage in ta ga hanya komawa gida take yi."

"Ai kun riga kun iso."

"In ta ga fuskarki kuma fa? A nan ne ma za ta fi gudu."

Na ɗaga masa muciya ya kauce. Ruwan wankan Bahijja yana kan wuta, ba ni da lokacinsa, sai na ce kafin ya saki ko mene ne a sitona, ya fito min da fantekar dambu ya kai ɗakina bayan gado. Nakiya kuwa ya bar ta, mage ba ta cin zaƙi. Ya shiga ya kinkimo fanteka yana nishi, yana cewa, "Gwaggo, sa guda kika daka ne?" Ya wuce da ita ɗaki, ni kuma ina ta fama da itace.

Daga nan ya ɗauki ƙwaryar man shanuna. Ya ce a waya ya gani, in aka shafa wa mage man shanu a ƙafa, ta lashe, ta manta tsohon gidansu har abada. Ya shiga sito da buhu da ƙwarya, ya tura ƙofa.

Ba a yi tsawon karanta Fatiha ba muka ji kwanuka suna zubowa. Muka ji Ashafa yana cewa, "Tsaya, tsaya, mu yi magana." Sai ga shi ya faɗo waje ba hula, ba ƙwarya, hannayensa kamar an yi masa tsaga. Ya ja ƙofa da ƙarfi ya danna kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu.

Bahijja ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa. "Yaya, lafiya?"

"Gaisawa muka yi. Kin ga kuzari? Haka za ta yi wa ɓera."

"Ina hularka ta Abuja?"

"Na bar mata ta saba da ƙanshina."

Nan take ya kafa doka: kwana uku ba mai buɗe sito, sai Asabar da safe. Wai ƙa'idar masana ce. Ni dai na san ƙa'idar daga farcen magen ta fito, amma tunda dambuna yana bayan gadona, na ƙyale shi. Ya tafi kemis aka manna masa filasta. Kafin azahar duk masu zama a dakalin ƙofar gida sun ji cewa ya kawo wata mage mai suna Kwamanda, wadda ta taɓa share ɓerayen wani ɗakin ajiyar hatsi ita kaɗai cikin kwana biyu.

Alhamis da rana Nana Hauwa ta shigo riƙe da murfin kwano.

"Gwaggo, kifi huɗu na soya na rufe. Na shiga ɗaki na fito, uku babu. Kuma murfin a gefe yake, an ajiye shi a hankali."

Ba ta rufe baki ba muka ji muryar Audu mai nama a soro yana sallama. Ya ce hanta guda ta tashi daga tirensa, yana tsaye, ya juya ba da canji kawai.

Ya ce, "Gwaggo, ni fa hannun nan kamar na san shi. In ba don ni na kai shi da kaina ba, da na rantse."

Ashafa ya fito yana gyara filasta. "Kun gani? Abin da nake faɗa kenan. Unguwa ba tsaro. Mu gidanmu ko ƙuda bai isa ba, Kwamanda tana ciki. Malam Audu, ka kwantar da hankalinka, in ta gama aikin Gwaggo zan ba ka aronta kwana biyu. Ko ɓera ne ko muzuru ne, za ta koya masa hankali."

Nana Hauwa ta ce, "Ni ma a sa ni a layi."

"Bayan Malam Audu. Kowa zai samu, amma da tsari."

Da suka tafi na je na kanga kunne a ƙofar sito. Sai nake jin ƙwal, ƙwal, kamar ana taɓa murfin tasa. Na duba ƙasan ƙofa, tuwon da Ashafa yake turawa tun jiya yana nan, tururuwa ce kawai ke ci.

Na ce, "Miji, ma'aikaciyarka ba ta cin abinci."

"Wanda ya ƙoshi da ɓera me zai yi da tuwon dawa?"

"Wannan ƙarar fa?"

"Artabu ne. Tana bin su cikin kwanuka."

"Tagar nan ta sama fa, ba za ta fita ta nan ba?"

Ya ɗaga kai ya dubi tagar, ya auna ta da yatsu daga nesa. "A lissafi ba zai yiwu ba."

Juma'a ɗan tsakona guda ya ɓace. Gidan liman aka rasa tantabara biyu. Ashafa ya dawo daga masallaci da mutum bakwai a bayansa, kowa yana roƙon aron Kwamanda, shi kuma yana tafe yana cewa wannan Litinin, wancan Laraba. Ya gayyace su duka su zo gobe da safe su ga buɗe sito da idonsu. Har ya ce a zo da kwando, saboda kwashe gawarwakin ɓeraye.

Da yamma uwar mijin Bahijja ta kira ta a waya, aka miƙo min. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, ni fa na gama yi miki talla. 'Yan'uwana na Wudil ma gobe suna hanya. Na ce musu su zo su ci dambun da ba su taɓa ci ba."

Na ce, "Allah ya kawo su lafiya." Na ajiye waya ina jin daɗi, don na san abin da na daka.

Asabar da safe gida ya cika. Matan dangi masu rakiyar gara suna tsakar gida da mayafansu, maza sun yi sallama an ba su hanya sun tsaya bakin soro, Audu a gaba da kwando. Ashafa ya fito cikin farar shadda, ya ɗaure Minista a gindin bishiya don shi ma ya shaida. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, an ce min in ɗauko jaririya. Na ce a'a. Yau za a ga bambancin tsohon tunani da sabon tunani."

Na ce, "Buɗe mana, rana tana yi."

Ya buɗe kwaɗo. Na lura bai shiga ba, da ƙafa ya tura ƙofar ya koma gefe.

Haske ya faɗa cikin sito. Zanin fanteka yana ƙasa a yayyage, murfi a gefe, an ajiye shi a hankali. A cikin fantekar wani baƙin muzuru ne kwance rigingine, ciki ya yi tulu, farin gemunsa yana ƙyallin mai, ya yi matashi da hular Abuja. A bakin fantekar kuma ɓeraye biyu ne zaune suna tsintar abin da ya rage, ko kallonmu ba su yi ba.

Muzurun ya buɗe ido ɗaya, ya motsa yagaggen kunnensa.

Audu ya saki kwando. "Haraji!"

Ashafa ya ce, "Kwamanda dai."

"Haraji ne, Injiniya. Ga kunnen nan. Kai, ga ma buhuna can. Dubi bakinsa, ni na ɗinke shi da jan zare. A bayan wani gidan tantabaru na sauke shi a Goron Dutse."

Nana Hauwa ta dafa ƙirji. "Wato shi aka sa ni a layi in ara?"

Wani daga soro ya ce, "Ni Litinin aka ba ni. Na yafe."

Wani kuma ya ce, "Ni ma na bar wa mai Laraba."

Ni ban tsaya jin sauran ba, don ƙanshin da ya fito daga siton nan na san shi, kuma ba na nakiya ba ne. Na shiga ɗaki na kama fantekar bayan gado. Ta ƙi ɗaguwa. Laifina ɗaya a duk wannan magana, kuma ba zan sake faɗarsa ba: ranar Laraba ban ɗaga ta da hannuna ba. Na kwance zani, na buɗe. Nakiya ce, cike, tana kallona.

Na fito na tsaya a gabansa. "Ashafa, wacce na ce ka fitar?"

"Ta dambu."

"Yaya aka yi ka gane ta?"

"Na ɗaga su duka biyun, na ɗauki mai nauyi. Nama ai nauyi gare shi."

Matan nan suka fashe da dariya, har wata tana zama a kan turmi. Bahijja tana dariya tana hawaye, ta ce, "Yaya, dambu fa kamar auduga yake."

Na ce, "Tun kana rarrafe kake cin dambuna, ba ka taɓa lura iska tana ɗaukarsa daga tafin hannunka ba?"

"A lissafi dai..."

"Kar ka ƙara ce min lissafi."

Muna cikin haka Haraji ya fito. Bai yi gudu ba, don cikin ba zai bari ba. Ya ratsa tsakiyar mata suna buɗa masa hanya, ya goga jikinsa a farar shaddar Ashafa ya bar masa tambarin mai, ya hau turmi, ya hau katanga ta inda ya saba hawa bara, ya zauna yana lasar hannu yana duban gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Ashafa ya zaro waya ya kira Malam Garba, ya sa yadda kowa zai ji, wai don a shaida zai mayar da kaya.

"Malam Garba, magen nan akwai matsala. Yanzu zan dawo maka da ita."

Muryar ta ce, "Injiniya, don Allah na ba ka, abin da na bayar don Allah kuwa ba na karɓa. Shekara guda ina addu'a. Tantabara talatin da ɗaya ta cinye min. Ka gaida mutanen gida." Ya kashe.

Aka sake kwashewa da dariya, amma ni ba dariya a bakina. Mutanen Wudil suna hanya. An ce musu dambun Gwaggo. In na aika da nakiya da shinkafa kawai, za a karɓa a yi godiya, a kuma yi shekara goma ana ba da labari, Bahijja ce kuma za ta zauna a cikinsu tana ji.

Sai Minista ya yi kuka a gindin bishiya.

Na dube shi. Na dubi Audu. Audu ya dubi ragon tun daga wuya har cinya, irin kallon da mahauta suke yi.

Na ce, "Audu, wuƙarka tana kusa?"

"Kullum, Gwaggo."

Ashafa ya ruga ya rungume wuyan ragon. "Gwaggo, ki rufa min asiri. Minista ba na ci ba ne, na nunawa ne."

"Yau za a nuna shi a Ƙofar Ɗan Agundi."

"Zan kawo wani naman. Ina da wani mutumi a..."

"A Goron Dutse?"

Ya dubi Bahijja, ta sunkuyar da kai tana jijjiga jariri. Zan faɗi gaskiyarsa a nan: da hannunsa ya kwance igiyar ya miƙa wa Audu. Sai dai ya roƙa a bari ya taje masa gashi tukuna.

Na aika gidan surukai cewa gara sai bayan la'asar. Aka hura murhu uku. Matan da suka zo da kwalliya suka tuɓe mayafai suka ɗaura zani. Da nama ya dahu ya yi laushi na ce a kawo turmi, na miƙa wa Ashafa taɓarya.

"Ni? A gaban mata?"

"Ai kai ka gayyato jama'a kallo. Kar su koma ba su ga komai ba."

Ya yi daka da farar shadda da filasta, gumi yana zuba, mata sun kewaye shi. Wannan ta ce Injiniya ɗaga hannu sosai, waccan ta ce a lissafi saura turmi biyu. Nana Hauwa tana tsame nama tana tambayarsa ko dakan ma a waya ya koya. Haraji yana bisa katanga yana kallo, sai da na sa Audu ya tsaya masa da sanda har aka gama suya.

Ana kiran la'asar na ɗaure fanteka. Wannan karon ni na ɗauke ta da hannuna na sa a mota, na kuma zauna a kanta har Ƙofar Ɗan Agundi. Aka ɗaga murfi a gaban mutanen Wudil. Ba a yi shiru ba. Uwar mijin ta ɗiba ta sa a baki, ta lumshe ido, ta ce, "Hajiya, wannan har da ɗuminsa. Kuma naman wani irin taushi gare shi, kamar ragon da ake yi wa wanka."

Na ce, "Da sabulu ma."

Washegari na aika gidan Nana Hauwa aka kawo min 'yar magen, fara mai baƙin wutsiya, ba ta fi tafin hannuna ba. Na sa ta a sito. Ashafa na ɗora wa ba ta madara safe da yamma, tunda shi ne masanin dabbobi. Haraji yana nan a unguwa, kuma duk gidan da ya yi wa ɓarna ba sa zuwa wajen mai unguwa, ƙofarmu suke zuwa su yi sallama da Baban Haraji.

Jiya na ji shi a dakali yana gaya wa mutane cewa dambun da ake ta zance a Wudil nasa ne, ragonsa, dakansa, kuma tun farko haka ya tsara. Ban ce masa komai ba. Da ya shigo na gaya masa saƙon da uwar mijin Bahijja ta aiko, cewa in Allah ya kawo haihuwa ta biyu, irin wannan dambun take so, kar a canza hannu.

Ya washe baki. "Kin ji ko, amarya? An san gwani."

Na ce, "An sani. Sai ka fara kiwon wani ragon tun yanzu, ka kuma riƙa wanke shi sosai."